Turancin da Na Manna a Gidan Babcia

Na karanta duk abin da kuka rubuta a ƙarƙashin labarina na makon jiya, har da wadda ta ce in daina kukan banza in bi saurayina tun kafin wata ta yi wuf da shi. Na gode, 'yar'uwa. Abin da zan gaya muku yau ban taɓa gaya wa kowa ba. Ko ranar Asabar da na durƙusa gaban Fada a coci don furta zunubaina, ƙanana na lissafa masa na tashi, na bar babban a cikina. In kun gama karantawa, sai ku zage ni da hujja.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Jagoda, shekarata ashirin da biyu. A garin Biłgoraj na ƙasar Poland nake, hawa na uku a wani tsohon bene mai launin toka, ni da Babcia, kakata wadda ta haifi mahaifiyata. Shekararta tamanin da shida. Ita ta riƙe ni tun ina 'yar sha ɗaya, ranar da Mama ta hau bas zuwa Ingila tana ɗaga mana hannu, wai wata shida za ta yi ta dawo. Yau tana can tana wankin zanen gado a wani otal, kuma har yanzu wata shidan bai cika ba.

Shekara biyu ke nan da ƙwaƙwalwar Babcia ta fara zubewa. Ta manta ranaku, ta manta ko ta ci abinci, ta taɓa sa takalminta a firij. Amma bakinta yana nan daram, kuma ni ba ta manta ni ba. Duk safiya in na dawo daga gidan burodin da nake aiki, za ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Jagódka, wannan wandon da ya yage a gwiwa saya kika yi, ko kare ne ya bi ki?" Wannan sunan, Jagódka, ita kaɗai ke kirana da shi a duniya. Likita ya ce ranar da ta daina gane ni, to ba sauran zama a gida, sai wurin 'yan Sista da ke kula da tsofaffi a hanyar Lublin. Don haka ni duk abin da nake gadi a rayuwata shi ne wannan sunan a bakinta.

Sai ga Radek.

Ɗan ƙawar Mama ne, shekararsa tara a Ingila yana tuƙa motar ɗaga kaya a wani katafaren sito. A watan Agusta ya zo, da farar riga mai guntun hannu, agogo mai nauyi, da wani turare da ya riga shi hawa bene. Ya kawo wa Babcia furanni guda bakwai, ya sunkuya ya sumbaci bayan hannunta, ya cire takalmi ya sa silifas ɗin baƙi ba tare da an ce masa ba. Ya cinye romon kaza kwano biyu. Ba zan yi muku ƙarya ba, ya burge ni. Yana da dariya mai sa ka ji kamar babu abin da ya gagara. Kafin ya koma ya ajiye min zobe a ƙaramin akwati ja, ya ce ba zai sa min ba sai a can.

"Sharaɗi ɗaya ne," ya ce. "Ba zan ajiye matar da sai na bi ta asibiti ina mata tafinta ba. Akwai gidan tsofaffi kusa da mu da ke neman ma'aikata, manajar ta san ni. Za ta kira ki ta gwada Turancinki. Ki ci, ki zo, shi ke nan."

"Babcia fa?"

"Ai mamanki ta ce ta yi magana da 'yan Sista."

Kun ji. An gama yanke min riga, ni dai sawa ce tawa.

Mama kuwa kowace Lahadi bayan an taso daga coci sai ta kira, fuskarta ta cika wayar, gashinta da ta rina ja yana nuna furfura a gindi. "Jagoda, kada ki zama ni. Kada ki tsufa kina warin yis da maganin tsofaffi. Yaron nan ba ya sha, ba ya duka, me kike nema kuma, mala'ika?" In na ce Babcia, sai ta share ido da bayan hannu ta ce, "Uwata ce kafin ta zama kakarki, kada ki koya min sonta."

To na fara koyon Turanci, na ce ko ba komai in koya tukuna, shawara ta biyo baya. Wanda muka yi a makaranta duk ya bi ruwa. Harshen nan ba shi da tausayi. Sai ka tura harshenka tsakanin haƙora kamar mai shirin tofa ƙaya kafin ka ce na gode. Ga wasu 'yan mitsi-mitsin kalmomi da suke sawa gaban kowane suna, mu ba mu da su, kuma mun rayu lafiya. Kowace safiya da ƙarfe biyar Radek yake turo min salon magana guda biyar, ya ce da su ake gane wanda ya iya da wanda ya haddace littafi.

*Na yau, gimbiya. In abu ya yi sauƙi, mu muna cewa burodi da man shanu, su yankan kek suke cewa. Ki maimaita sau goma, ki turo min murya.*

In na tura, sai ya dawo da fuskar dariya guda uku. *Kamar tarakta ta maƙale a laka. Sake.*

Da farko har da Babcia muke yi. Wata rana muna fere dankali na ce mata, "Babcia, kin san in mutum ya mutu, mu da muke cewa ya shuri kalanda, su Ingilishi wai bokiti yake shuri?"

Ta ajiye wuƙa. "Bokiti? Da ruwa a ciki?"

"Ba su faɗa ba."

"Mutanen da ba su taɓa ɗebo ruwa a rijiya da sanyi ba ke nan. Ka mutu, ka kuma bar wa matarka aikin goge ƙasa." Ta yi dariya har haƙoran robarta suka motsa, ni ma na yi har da hawaye. Ina rubuta muku wannan ne don ku san wace ce ita kafin in taɓa ta.

Kalmomin ne suka ƙi zama a kaina. Yau in haddace talatin, gobe in tashi da huɗu. Na yi wa Radek ƙorafi, sai ya rubuto: *Yi yadda kowa ke yi. Sayo 'yan takardun nan masu mannewa, ki rubuta sunan kowane abu na gidan da Turanci ki manna masa. Kuma a gida ki daina tunani da yarenmu. Ki mai da gidan Ingila.*

Na sayo ƙunshi biyu, masu ruwan ɗorawa, masu kusurwa huɗu. Alƙalamin da ya rage a shagon mai ruwan shunayya ne, na ce ma ya fi kyau. Ranar Laraba da yamma na bi gidan kaf: ƙofa, taga, firij, butar shayi, madubi, kabad, agogon bango, har hoton Uwa Maryamu da ke saman gadon Babcia sai da na manna wa firam ɗinsa. Akwai wasu fararen takardu da ma'aikaciyar jinya ta sa muka liƙa tun bara, da yarenmu, da manyan baƙaƙe, don Babcia ta riƙa gane banɗaki da ɗakinta da kicin. Na tsaya a gabansu na yi tunani, na ce in ina ganin namu ai zan riƙa satar amsa. Sai na manna nawa a kansu, na rufe su ruf.

Daga ranar kuma na sa abin sauraro a kunne, ina yawo a gida ina maimaita abin da muryar ke faɗa, da ƙarfi, yadda Radek ya ce.

Kwana biyu bayan nan aka zo shan magani. Ku da kuke da tsofaffi kun san yaƙin. Babcia takan datse baki, ta ce guba ce, ta tofa ƙwayar cikin tukunyar fure, ta kira ni 'yar sandan ciki. Rannan na gaji, ƙafafuna na zafi, darasin da ke kunnena kuma na ba da umarni ne. Da wasa, na rantse muku da wasa, na miƙa mata ƙwayoyin na ce da Turanci, "Zauna. Buɗe baki. Sha."

Ba ta zauna ba. Miƙewa ta yi tsaye, ta haɗe ƙafafu, ta karɓa da hannu biyu ta haɗiye ko ruwa ba ta nema ba. Ta sunkuyar da kai ta ce wata 'yar kalma can ƙasa-ƙasa.

Na tura wa Radek saƙo nan take. *Ba za ka yarda ba, Babcia ta fi jin Turanci a kan yarenmu!*

*Hahaha. Mu tafi da ita, ta riga ki cin jarrabawa.*

Ga zunubin nan, ku buɗe kunne. Na gane abin yana aiki, sai na ci gaba. Wanka da muke kwashe awa guda muna dambe, da Turanci minti goma ya isa. Canza kaya, yanke farce, kwanciyar rana, duk da Turanci. Ba musu, ba zagi, ba tofa magani. Na samu barci, na samu lokacin karatu, kalmomi suka fara zama. Har na yi wa Mama albishir cewa Babcia ta yi sanyi, Mama ta ce addu'arta ce ta karɓu.

Na ga alamu, kada wani ya ce ban gani ba. Ta daina zama a tebur. In na zuba mata miyar kabeji sai ta ɗauki kwanon ta tafi lungun da muke rataye riguna, ta ci a tsaye, da sauri, tana kare kwanon da hannu. Na tarar da ɓawon burodi cikin rigar matashinta, da cikin safa, da aljihun rigar sanyinta mai ruwan ƙasa. Kafin in tafi aiki da asuba sai in same ta ta riga ta ɗaura ɗankwali tana goge ƙasan kicin da tsumma, a durƙushe, mace mai shekara tamanin da shida. Ta daina yi wa wandona tsiya. Na ce ciwon ne yake gaba, haka likita ya ce zai yi. Sai da aka yi kwana goma sha biyu kafin na lura ba ta ƙara cewa Jagódka ba, kuma ko da na lura ban daina ba, don saura mako biyu a kira ni.

Pani Genia, wato Malama Genia a yarenmu, ita ce ta tona ni. Maƙwabciyarmu ce ta hawa na biyu, shekararta saba'in da ɗoriya, ita ke leƙa Babcia in ina wurin aiki, amma ta yi mako biyu a Zamość wurin 'yarta da ta haihu. Ranar da ta dawo ta hawo da farantin kek ɗin tuffa a lulluɓe da tawul, tana haki tana zagin matakala.

"Ina tsohuwar mayyar? Lodzia! Fito ki ga hoton jikana, hancinsa sak na surukina, Allah ya kyauta."

Babcia ta ji sunanta, ta fito daga lungun riguna. Tana sanye da rigar sanyin nan mai ruwan ƙasa, ta ɓalla maɓallai har wuya. A ƙirjinta na dama ta maƙala ɗaya daga cikin takarduna da fil, ta juya ta yadda kusurwa ɗaya ke kallon sama. Da safe ban gan ta da ita ba, ko kuma na gani ban kula ba, ban sani ba.

Farantin ya karkace a hannun Pani Genia. "Yesu, Maryamu." Ta juya ta dubi ƙofa, ta dubi firij, ta dubi agogo, ta bi takardun ɗaya bayan ɗaya da ido. "Wa ya yi wannan?"

"Ni ce, Pani Genia. Turanci nake koyo, sunayen abubuwa ne kawai."

"Kawai." Ta ajiye farantin a kan kabad ɗin takalma, ta kama ni a damtse ta ja ni kicin ta turo ƙofa. "Ke a makaranta me aka koya muku? Ruwan ɗorawa da rubutun shunayya, a ƙirjin dama. Ba ki taɓa ganin hoton ba?"

Na taɓa gani. A littafin tarihi na aji shida, a ƙasan shafi, na haddace na ci jarrabawa na manta.

"Tana 'yar sha huɗu Jamusawa suka kwashe su daga ƙauyensu," in ji Pani Genia. "Shekara biyu ta yi a gonar wata mata tana bauta. Irin wannan ƙyallen suke ɗinka musu a riga don a san 'yan Poland ne. Ba a yarda su zauna tebur ɗaya da masu gida ba. Tare da uwata suka dawo a jirgin ƙasa, ita ta gaya min, Lodzia kam ba ta taɓa buɗe baki a kai ba, ko ga mijinta. Ke kuma kin tashi kin cika mata gida da rubutun da ba ta iya karantawa, kin rufe namu. Da wane yare kike mata magana?"

Na kau da kai.

"Jagoda. Da wane yare?"

"Tana shan magani in na yi da Turanci," na ce. "Ba ta musu."

Ban taɓa ganin an kalle ni yadda matar nan ta kalle ni ba. Da ta mare ni da ya fi min sauƙi. "Ita ina ta san Turanci? Baƙon yare ta ji ana ba ta umarni da shi a kicin. Kalmar da take amsa miki da ita Jamusanci ce, yarinya. 'To, uwar gida' take ce miki."

 Na fito daga kicin na bi gidan ina yage takardun, wasu suna ɗauko fenti. Ta ƙirjin Babcia ce ta ƙarshe. Da na kai hannu sai ta dafe ta da tafuka biyu, ta ja da baya har ta bugi bango, idonta a ƙasa, tana roƙona da yarenmu kada in cire, wai in aka gan ta babu za a kai ta wurin 'yan sanda. Pani Genia ce ta lallaɓa ta, ta ce an gama yaƙi, Lodzia, an gama tun tuni, zo mu ci kek.

Da yamma na kira Mama, ba Lahadi ba ce, ta ɗauka a ɗakin wanki injuna na ruri a bayanta. Na gaya mata komai. 

"Na san an kai ta Jamus," ta ce daga baya. "Sau ɗaya ta faɗa, ina yarinya, da na bar burodi a faranti." Ta ja hanci. "To kin gani ai. Abin ya fi ƙarfinki. 'Yan Sista sun ce gado zai samu a tsakiyar Nuwamba."

"Mama, ni na yi mata wannan. Ni zan gyara."

"Ki gyara me? Ƙwaƙwalwa ce, ba zip ɗin siket ba. Kada ki kuskura ki watsar da maganar Radek saboda wannan, kin ji ni?"

Radek kuwa ga abin da ya rubuto: *Kai, abin tausayi. Amma ba laifinki ba ne, gimbiya, ba ki sani ba. Kar ki bari ya karya miki gwiwa. Alhamis ta sama ƙarfe biyu manajar za ta kira. Ga na yau guda biyar.*

Ban buɗe su ba. Na yi wa kaina alkawari, na kuma yi a gaban hoton Uwa Maryamu: ba za a ƙara jin kalmar Turanci ɗaya a cikin gidan nan ba. Karatuna ya koma kan benci a bayan gidan burodi, da safar hannu, cikin sanyi. Ranar Alhamis kuma na shirya zan sauka ɗakin Pani Genia in amsa kiran a can. Kun ga ban fasa ba ke nan. Ina son Babcia ta dawo, ina kuma son zoben nan, duka biyun nake so, kuma ina jin kunyar hakan.

Na ɗauki hutun mako guda. Na sake rubuta fararen takardun da yarenmu. Na dafa mata duk abin da ta saba dafa min, na kunna mata rediyon coci, na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta ina ba ta labarin mutanen benenmu, wa ya sayi mota, wa mijinta ya gudu. Kwana uku tana kallona kamar mai jiran a ce ta tashi. Rana ta huɗu ta yarda ta zauna a bakin kujera. Rana ta shida ta tofa magani a tukunyar fure, na shiga ɗaki na yi kukan murna.

Ranar Lahadi ta kama ɗaya ga Nuwamba, ranar da kowa ke zuwa kaburburan 'yan'uwansa. Na sa mata baƙin kot ɗinta mai gashi a wuya da hular da take ji da ita, muka hau tasi da Pani Genia. Maƙabarta ta cika maƙil, ko'ina kyandir a cikin gilasai ja da kore, ko'ina furanni. Na jera namu a kan kabarin Kaka Bolek, mijinta. Ta tsaya tana kallo, ta daɗe, sai ta zungure ni da sandarta a ƙafa.

"Farare kika sayo? Bolek ya tsani farare, ya ce kamar asibiti. Ke dai, Jagódka, ba a aiken ki a huta."

Na rungume ta a wurin, a gaban mutane, har hularta ta karkace, tana ture ni tana cewa in sake ta, zan karya mata ƙashi. Pani Genia ta juya baya tana gyara kyandir ɗin da ba abin da ya same shi.

Ranar Talata da safe, wajen ƙarfe goma, muna zaune a tebur mu biyu. A tebur, ku lura. Ta sa rigarta mai ɗigo-ɗigo shuɗi, na taje mata gashi, tana shan shayi da lemun tsami a gilashi, tana min faɗa wai na yanka burodi da kauri kamar za a ba doki. Sai wayata ta yi ƙara. Saƙon Radek ne.

*Manajar za ta yi tafiya Alhamis. Na ce mata kina gida, ta kira yanzu. Ki ɗauka!!! Mutum uku ke neman gurbin.*

Ban gama karantawa ba kiran ya shigo, na bidiyo, lambar Ingila.

Na tashi da gudu zuwa ƙofar fita. A kulle take, kullum a kulle take saboda Babcia, makullin kuma yana can saman firij. Wayar na ta ruri a hannuna, na biyar, na shida. Zan iya komawa kicin in ɗauko makullin, ta katse, in kira daga baya in ba da haƙuri. Zan iya barin ta ta mutu a hannuna. Duk na san wannan a lokacin, ba daga baya na gane ba. Na jingina da ƙofar, taku huɗu daga inda Babcia take zaune, na gyara gashina na danna kore.

Wata mata ce mai gilashi da murmushi mai yawa. Ta tambaye ni ya nake. Mu nan in ka tambayi mutum ya yake, sai ka nemi kujera, don zai fara daga ciwon bayansa ya ƙare a gwamnati. Su ba sa son gaskiya, Radek ya ja min kunne. Na ce mata lafiya ƙalau, na gode, ita fa? Harshena ya shiga tsakanin haƙora daidai inda ya kamata.

Turancin ya riƙa zuba daga bakina kamar ba ni ba. Ta tambayi aikina, na faɗa. Ta tambaya ko zan iya tashin asuba, na ce mata ai wannan yankan kek ne, ta kwashe da dariya ta rubuta wani abu. A kicin na ji an ajiye gilashi a hankali. Na ji ƙafar kujera ta ja ƙasa. Ban juya ba.

"Me ya sa kike son kula da tsofaffi?" in ji matar.

Wannan amsar na fi haddacewa. Na ce saboda kakata. Na ce ita ta raine ni, ni nake kula da ita shekara biyu, na koyi haƙuri a wurinta, na koyi cewa tsoho yana bukatar ya ji yana gida kuma ba abin da zai same shi. Ban yi kuskure ko ɗaya ba. Matar ta dafa ƙirji ta ce kakata ta yi sa'ar jika.

Minti goma sha takwas muka yi. A ƙarshe ta ce ba ta saba faɗa nan take ba, amma in zan iya farawa ranar ɗaya ga Disamba, gurbin nawa ne. Na yi godiya, na yi murmushi har ta kashe.

Kicin ba kowa. Shayin yana nan rabi, an kawar da burodin daga faranti. A lungun riguna na same ta, a tsaye, ta ɗora rigar sanyi mai ruwan ƙasa a kan mai ɗigo-ɗigon, ta ɓalle ta har wuya, hannayenta a haɗe a gaba. Wayar ta yi ƙara a hannuna, Radek, sannan Mama, sannan Radek kuma.

"Babcia," na ce da yarenmu, a hankali. "Ni ce. Zo mu ƙarasa shayi."

Ba ta ɗago ba. Ta ɗan rusuna.

"Uwar gida, ki yi haƙuri, ina da roƙo." Muryarta ƙarama, irin wadda ban taɓa ji a bakinta ba. "Na ga ke kina jin yarenmu. Zan yi duk aikin da kika ce, ba na ƙorafi. Amma ki taimaka ki sa baki a mai da ni gida."

"Babcia, gida kike. Dube ni."

"Na bar yarinya a can," ta ce. "Uwarta ta tafi ta bar min ita. Ba ta iya yanka burodi ba ma, kuma tana tsoron kwana ita kaɗai. Na yi mata alkawari ni ba zan tafi ko'ina ba." Ta ɗago ido a karo na farko, ta kalle ni tsakiyar fuska, babu alamar ta taɓa ganina. "Ke mace ce, za ki gane. Ba a barin mutum haka."